Ƙwayar Ƙarfe Takwas

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

Da sunan Allah na buɗe littafin nan. Na saye shi don in rubuta sunayen matan da nake koya wa karatu a Islamiyya, sai ga shi ya samu wani aikin.

Yau aka tafi da Bushra Kafur goyon ciki. Cikin fari ne, wata bakwai, kuma iyayenta sun yi mana kara da suka bar ta har zuwa yanzu. Kafin ta fita ta ja ni ɗaki ta damƙa mini gwangwanin maganin mijinta. Ƙananan nan da take ce wa Takro, uku da safe uku da dare, ƙarfe takwas daidai. Manya biyu-biyu. 'Yar fara guda ɗaya da safe. Ana ta danna mata hon a waje, gwaggonta na kira, ita kuwa tana riƙe da hannuna.

"Yaya Ladidi, ko me ake ciki, kar ya tsallake."

Na ce mata ta tafi da kwanciyar hankali.

Mijin nata, Murtala, ƙanena ne, autan Tsohuwa mahaifiyarmu. Wata goma sha ɗaya ke nan da aka yi masa dashen ƙoda a birni. Ƙodar tawa ce. Ba na son ana maganar, na rubuta sau ɗaya ne don littafin ya sani. Maganin nan shi ke kwantar da garkuwar jikinsa, kar ta ga ƙodar baƙuwa ce ta far mata. In jikin ya ƙi ta, sai komawa injin wanki sau biyu a mako, kamar shekarun nan biyu da ba na son tunawa. Kuma ba ni da wata da zan sake bayarwa.

Maigidana Malam ya yarje mini in riƙa yini a gidan har Bushra ta dawo. Lungu ɗaya ne tsakaninmu.

Laraba, 9 ga Oktoba, hantsi

Takwas da takwas. Na zana layuka a bayan littafin nan, kowace ƙwaya da gidanta, yana haɗiyewa in ja alama. Murtala ya leƙa ya ce ko rajistar makaranta ba ta kai wannan ba. Shi dai miƙa hannu ya iya. Na tambaye shi sunan maganin da yake sha kusan shekara guda, ya ce ai wannan sashen Bushra ne.

Ya je gona ya ga ana karyar masara. Na sa ya saka takalmi mai rufi da hula. Mutumin da bara war haka sai an kama shi zuwa banɗaki, yau yana faɗa da 'yan ƙwadago a kan zangarniyar da suka bari a ƙasa. Na tsaya a ƙofar gida ina jin muryarsa daga nesa, ban shiga ba sai da ya yi shiru. Alhamdu lillahi.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan sallah

Tsohuwa ta aiko da jiƙo a kwalba, wai na ƙarin jini ne, wata ƙawarta ta kawo daga Matazu. Tun a asibiti aka ja mana kunne: ba sassaƙe, ba jiƙo, ba maganin kemis, sai an tambaya. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Bishiyar dalbejiyar bayan gida ta sha.

Da ta tambaye ni ko ya sha, ban ce e ba. Na ce na san inda na kai shi. Ta dube ni ta ce, "Ke dai Ladidi da tsirfa." Na yi masa tofi a tafasasshen ruwa a gabanta, hankalinta ya ɗan kwanta.

Lahadi, 13 ga Oktoba, safe

Kwana shida, ban tsallake ko ɗaya ba.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan azahar

Yau ranar awon jini a Funtua. Can ake ɗiba, a aika birni, likitansa ya kira mu da sakamako.

Buba ne ke kai su kullum, ɗan kawunmu ne, taubashina, yana da mota yana lodin Tsiga zuwa Funtua. Tun shida da rabi ya zo yana ta hon, wai haka suke fita da Bushra. Na fita na ce masa ba inda za mu sai takwas ta yi ya sha maganinsa a zaune a gidansa, ba a tasha ba, ba cikin mota ana girgiza ba. Ya ce to ga sabuwar gwamnati ta hau. Ya ce dama an ce mace mai ƙoda ɗaya ta fi mai biyu iko. Na ce ya zauna ya sha koko, bakinsa ya samu abin yi.

Murtala ya kalli ƙwayoyin a tafin hannuna, ya kalle ni, kamar zai yi magana. Sai ya yi bisimilla ya haɗiye.

Mun isa wajen goma. Kudirat ce ke ɗibar jinin, Bayarabiya amma haifaffiyar Funtua, Hausarta ta fi tawa gudu. Layi har waje. Ta ce yau mun makara, ina ƙawarta Bushra. Na gaya mata, ta yi ta murna tana ɗaure masa hannu, ta ce in ɗiya ce a sa mata Kudirat. Ba mu yi minti biyar a gabanta ba.

Na dawo ina jin daɗi. Ko ranar tafiya lokaci bai goce ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba, la'asar

Likita ya kira. Lambar ƙoda ɗari da goma, ya ce tana nan lafiya lau, sai in lambar ta hau ake damuwa. Amma lambar Takro a jini goma sha bakwai, alhali ana so ta tsaya tsakanin biyar da takwas. Ya ce maganin in ya yi yawa shi kansa yana ƙona ƙodar. Ya tambaya ko ya yi gudawa, a'a. Ko an ba shi wani abu na gargajiya ko na kemis, a'a. Na ji daɗin da zan iya cewa a'a da gaskiyata. Ya ce a rage zuwa biyu da safe biyu da dare, a sake awo bayan mako biyu.

Buba ya ce ai ni ce na cika kula, jikin ya ga magani kan lokaci ya ruɗe. Muka yi dariya har da Tsohuwa.

Na goge ukun da ke layukan na mai da biyu.

Talata, 22 ga Oktoba, hantsi

An gama masara, an shiga waken suya. Bushra ta kira, ƙafafunta sun ɗan kumbura amma lafiya. Ta ce yaya maganin, na ce ko minti ɗaya ba ya gocewa. Ta ce ta san hannun da ta bar wa. Ban gaya mata an rage ba. Tsohuwa ta ce mai ciki ba a kai mata maganar asibiti.

Asabar, 26 ga Oktoba, safe

Takwas da takwas. Alhamdu lillahi.

Talata, 29 ga Oktoba, bayan azahar

Funtua kuma. Wannan karon Buba bai zo ba sai takwas da kwata, ya ce ya koyi dokar ƙasa. Murtala ya sha biyunsa muka fita. Ya yi barci a mota har muka isa, abin da bai saba ba. Kudirat ba ta nan, wani ne ya ɗiba.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bayan la'asar

Lambar magani goma sha biyu. Lambar ƙoda ɗari da hamsin.

Likita ne ya kira. Ya ce abin bai yi masa daɗi ba, an rage magani amma har yanzu yana sama, ga ƙoda ta fara nuna gajiya. Ya ce da alama hantarsa ba ta cinye maganin da sauri. A mayar ɗaya da safe ɗaya da dare. Ya sake tambaya game da jiƙo, sau biyu, da wata murya. Na ce wallahi ko ɗigo. Ba na rantsuwa, amma na rantse.

Na goge biyu na sa ɗaya. Takardar ta fara hujewa a wurin.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, hantsi

Bai je gona ba. Ya ce rana ce.

Litinin, 4 ga Nuwamba, bayan azahar

Takalminsa mai rufi ya ƙi shiga. Na ga shi yana turawa a bayan ƙofa, na yi kamar ban gani ba. Na tambaye shi fitsari, ya sunkuyar da kai ya ce ya ɗan ragu. Da kyar na samu wannan ɗin ma.

Tsohuwa ta zo ta zauna a bakin gado tana jan carbi. Ta ce bakin mutane ne, tun ranar da aka ji muryarsa a gona. Sannan ta ce ko dai yarinyar nan ta bar mana magani gurɓatacce. Na ce Tsohuwa, Bushra ta riƙe shi wata goma sha ɗaya ba a taɓa jin kansu ba. Na faɗa, sai na ji abin da na faɗa. Wata goma sha ɗaya a hannunta lafiya. Wata ɗaya a nawa.

Na buɗe layukan na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Babu gurbi. Ban tsallake ko ɗaya ba.

Talata, 5 ga Nuwamba, magariba

Zazzaɓi kaɗan. Yana dafe ƙasan cikinsa ta dama, inda aka sa ƙodar. Likita ya ce gobe da safe mu taho birni da kayan kwana.

Malam ya ce in tafi, shi zai ji da gida. Ban iya cin tuwo ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba, bayan isha'i, a asibiti

Zan rubuta wannan yadda ya faru, ba ragi.

Mun iso da azahar aka ba shi gado. Lambar ƙoda ɗari biyu da sittin. Da la'asar likita ya zo da wata mata mai kula da magunguna, Hajiya mai gilashi, da ɗalibai uku. Tsohuwa na zaune a tabarma, Buba a bakin ƙofa, ni ina tsaye ta wajen kai. Likita ya ce gobe za su ɗauki ɗan tsoka daga ƙodar da allura su duba. Ya ce suna tunanin su cire Takro gaba ɗaya su sauya wani, tunda jikinsa na tara shi.

Tsohuwa ta ce ai ƙodar ce ta kasa fitar da shi. Hajiyar ta durƙusa kusa da ita, ta yi mata bayani a hankali kamar 'yarta. Ta ce manyan ƙwayoyin nan, e, ƙoda ce ke fitar da ragowarsu, shi ya sa in ta gaji ake lura da su. Amma Takro ba ruwansa da fitsari. Hanji ne ke tsotse shi, hanta ta cinye shi, ragowar ta bi bayan gida. Ta ce in an haɗiye shi, cikin awa ɗaya zuwa biyu yakan cika jini kamar rafi bayan ruwan sama, sannan ya riƙa janyewa a hankali har awa goma sha biyu. Ta ce su ba cikar suke aunawa ba. Ƙasan suke aunawa, lokacin da ya fi janyewa, gab da a sha na gaba. Shi ya sa ranar awo ba a shan na safe sai an ɗebi jini.

Ta ci gaba da magana, ban ji sauran ba.

A zuci na ga Buba da ƙarfe shida da rabi yana hon. Na ga kaina a ƙofar gida ina ce masa ba inda za mu.

Ba wanda ya tambaye ni. Da na yi shiru, da sun tafi gado na gaba, ɗaliban har sun juya. Ga Tsohuwa, ga maza, ni kuwa ban taɓa katse likita ba, ko a lokacin da aka kwantar da ni. Na ce a gafarce ni. Ba su ji ba, sai da na sake faɗa.

"Likita, duk ranakun awon nan biyu na ba shi maganin kafin mu fita. Ƙarfe takwas. Aka ɗebi jinin ƙarfe goma."

Likita ya juyo gaba ɗaya. Ya ce na tabbata? Na ciro littafin nan daga jaka na buɗe masa bayan. Ga sha biyar ga wata, ga alama a gidan takwas na safe. Ga ashirin da tara, ga alama. Na buɗe masa gaba inda na rubuta lokacin da muka isa Funtua. Ya karanta, har maganar Buba ta sabuwar gwamnati, ban so ba amma ba yadda zan yi. Ya miƙa wa Hajiyar. Ta cire gilashi ta mayar.

Ya ce ke nan lambobin nan biyu cikar rafi ce muka auna. Ke nan maganin bai taɓa yin yawa ba. Mu muka yi ta rage shi har garkuwar ta farka.

Tsohuwa ta ce, "Ladidi, ke?"

Na ce ni ce, Tsohuwa.

Likita ya ɗaga mata hannu. Ya ce shi ma ya tambayi jiƙo, ya tambayi gudawa, bai tambayi ƙarfe nawa ba, kuma ita ce tambayar farko da ake koya wa ɗaliban nan. Ya dube su, suka sunkuyar da kai kamar su suka yi. Ya ce da ba a rubuta ba, da gobe sun cire maganin da ya fi buƙata. Ya ce ba zai yi mana alkawari ba, amma yanzu ya san da wa yake faɗa.

Bayan sun tafi na tambayi Murtala ko ya san Bushra ba ta ba shi na safe ranar awo. Ya ce ya sani, a jakarta take riƙewa sai an ɗiba ta ba shi a benci. Na ce to me ya hana ka faɗa. Ya juya fuska bango. Ya ce ya zaci don saurin tafiya take yi, bai san doka ba ce. Kuma ya ce, "Yaya, ke fa. Ki miƙo mini abu in ce a'a?"

Na fita baranda na daɗe.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, ƙarfe takwas da rabi na safe

Takwas saura biyar aka ɗebi jini. Ƙwayar tana cikin hannuna a dunƙule har mai allurar ta cire. Sannan na ba shi. Ban taɓa jin minti biyar masu tsawon waɗannan ba.

Alhamis, bayan la'asar

Biyu. Lambar magani ta gaskiya biyu ce.

An ɗauki tsokar da hantsi, an ce ya kwanta rigingine kar ya motsa. Likita bai jira sakamakon ba, ya ce ya ga abin da ya ishe shi. An rataya masa ruwa da wani magani mai ƙarfi da zai kwantar da garkuwar nan take, kwana uku a jere. Takro ya koma uku da uku, har da ɗan ƙari.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, bayan sallah

Lambar ƙoda ɗari biyu da saba'in. Ta hau, ba ta sauka ba. An ce kwana ɗaya ba ya nuna komai.

Wajen wankin ƙoda yana ƙarshen barandar nan. Ina zagayawa ta bayan gini in zan je famfo.

Asabar, 9 ga Nuwamba, hantsi

Ɗari biyu da talatin.

An ba shi kwalba yana tara fitsari ana aunawa. Jiya da kyar rabi. Yau kafin azahar ya cika ta, ya nemi wata. Buba ya ɗaga kwalbar yana nuna wa na gadon kusa kamar wanda ya ci kyautar gasar noma. Ya ce bai taɓa zaton zai yi wa fitsarin wani barka ba. Tsohuwa ta ce ya ajiye ƙazantar nan, amma tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

Sakamakon tsoka ya fito. Jikin ya fara yaƙar ta, amma irin wanda ake iya kashewa ne in an kama da wuri. Likita ya ce an kama da wuri.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, la'asar

Na kira Bushra. Tsohuwa ba ta so ba, na ce Tsohuwa, ɓoye mata da muka yi shi ya kai mu nan. Da na ce mata lambar ta fito sha bakwai tun ranar farko, da ta tambaye ni ƙarfe nawa muka fita.

Haka kuwa aka yi. Ban gama ba da labarin ba ta ce, "Yaya, kin ba shi kafin awo?" Sai ta fashe da kuka, wai laifinta ne, ita ce ba ta faɗa ba, abin ya zame mata jiki har ta manta doka ce. Na ce nawa ne, ni na kori Buba. Muka yi ta ja, kowa na son laifin ya zama nasa, har Murtala ya karɓi wayar ya ce to a bar masa kashi ɗaya shi ma, tunda bakinsa ne ya haɗiye. Ta yi dariya cikin kukan. Ta ce in ya sake kumbura ba a gaya mata ba, da cikin za ta hau mota.

Litinin, 11 ga Nuwamba, safe

Ɗari da tamanin. Takalmi ya shiga.

Laraba, 13 ga Nuwamba, bayan azahar

Ɗari da hamsin da biyar. Lambar magani takwas, kuma ta ƙasa ce, ta gaskiya.

Yau ranar masu dashe ce ta ganin likita, sun cika benci tun safe suna jiran awo. Na fito ɗaukar ruwan zafi sai na ga wani dattijo, daga ganinsa baƙo ne, ya kwance ƙullin leda ya zuba ƙananan nan a hannu, matarsa na buɗe masa ruwa. Ban san lokacin da na isa gabansa ba. Na gaishe shi, na ce Baba an ɗebi jinin? Ya ce tukuna. Na ce to a riƙe, sai an ɗiba. Ya dube ni ya ce ni ma'aikaciya ce? Na ce a'a, wadda ta yi kuskuren ce. Na ba su labarin rafi yadda Hajiya ta ba mu. Kafin in gama mutum biyar sun matso suna ji, wata ta ce ita tun asuba mijinta ya sha, na ce ta gaya wa mai ɗiba ya rubuta a takardar.

Ashe Hajiyar tana tsaye a bayana. Ta ce daga yau za a liƙa takarda a ƙofar wajen awo, da boko da ajami. Ta ce ko zan rubuta musu na ajamin. Na rubuta sau uku kafin ya yi kyau.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, magariba, a gida

An sallame mu. Ɗari da arba'in. Mata sun cika tsakar gida da sannu da zuwa, na tsaya a ƙofar ɗakinsa ina cewa a gaisa daga nan, garkuwarsa a kwance take. Wasu sun ji haushi. Su ji.

Tsohuwa ta kira ni ɗakinta. Na zaci faɗa ne. Ta ce ita da ta san ita ce, da ba ta iya buɗe baki a gaban mutanen nan ba. Sai ta tura mini kwanon fura.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, hantsi

Na zaunar da Murtala kamar ɗalibi. Sunan kowace ƙwaya, nawa, ƙarfe nawa, wace hanya take bi ta fita daga jiki, me ake yi ranar awo. In ya yi kuskure mu koma farko. Ya ce ko a makarantar allo ba a yi masa haka ba. Na ce a makarantar allo ba a ba ka ƙoda ba. Wannan ne karo na farko da na faɗa masa da bakina. Sai ya ce a sake daga farko.

Yanzu shi ke ja wa kansa alama. Ni ina kallo kawai.

Talata, 26 ga Nuwamba, bayan azahar

Shida da rabi muka fita. Buba ya ce gwamnati ta gyara tsarin mulki. Ƙwayoyin na cikin aljihun Murtala, ba jakata ba.

Kudirat ta samu labari. Tana ganinmu ta bar kujera ta zo ta riƙe hannuna, ta ce ita ce ta ga mun makara ba ta tambaya ba. Na ce laifin nan ya yi masu shi da yawa, an gama rabo. Kafin ta ɗaure masa hannu ta ce yaushe ya sha na ƙarshe. Na buɗe baki, sai na ji ya riga ni. Ya ce jiya ƙarfe takwas na dare, na safe yana aljihu.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, bayan la'asar

Likita ya kira Murtala ba ya nan, ya bar wayar a gida ya tafi masussukar waken suya. Lambar magani bakwai. Lambar ƙoda ɗari da ashirin da biyar. Na ce ba ta koma ɗari da goma ba. Ya ce wataƙila ba za ta koma ba, yaƙi yakan bar tabo, amma ƙodar ta zauna, tana aikinta, kuma ba maganar inji. Na sa ya maimaita na ƙarshen.

Ban jira ya dawo ba. Na yafa mayafi na bi hanyar gona da ƙafa, rabona da ita tun kafin a yi mana aiki. Na same shi a gefen masussuka yana ɗinke bakin buhu, Buba na zaune a kan wani yana ba da umarnin da ba wanda ke bi. Da ya hango ni ya saki allurar ya miƙe, fuskarsa ta canza, don ya san ba na zuwa gona.

Na ce masa ƙodar ta zauna.

Ya tsaya yana kallona. Sannan ya juya gabas a nan cikin ƙaiƙayi ya kai goshinsa ƙasa. Masu sussuka suka dakata da sanduna a sama. Na tsaya a bayansa har ya ɗago, na kaɗe masa ƙaiƙayin da ya manne a hula, na ce ya ƙarasa buhunsa.